An Koma Ramukan Zinare a Zamfara, Wa Zai Tsaya wa Yaran Ƙauye?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu domin in yi magana a kan wani lamari da nake ganin ana neman a manta da shi tun raunin da ya bari bai gama warkewa ba. A watan Disamba na 2024 gwamnatin tarayya, ta bakin ministan ma'adinai Dele Alake, ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da aka ɗora wa jihar Zamfara tun watan Afrilun 2019. Tun daga wannan lokaci, kusan duk maganar da nake ji a gidajen rediyo da majalisun hira ba ta wuce abu biyu ba, wato kuɗin shigar da jiha za ta samu da kuma alaƙar zinare da 'yan bindiga. Dukansu biyun sun cancanci a tattauna su, amma har yanzu ban ji wanda ya tambayi inda za a riƙa niƙa dutsen da aka haƙo ba, alhali kuwa wannan tambaya ce da rashin yin ta ya taɓa cinye ɗaruruwan yaranmu ta hanyar gubar dalma.

Ga waɗanda suke ƙanana a lokacin, bari in tuna musu abin da ya faru. A farkon shekarar 2010 farashin zinare ya yi tashin gwauron zabi a kasuwannin duniya, kuma manoman ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, waɗanda rani yake barin su ba aikin yi, suka duƙufa haƙar dutse mai ɗauke da zinare. Abin da ba su sani ba shi ne, dutsen wannan yanki yana ɗauke da dalma mai yawan gaske. Ana ɗauko shi a buhuna a kawo cikin gari, a fasa shi da guduma, a niƙa shi a irin injin da ake niƙa hatsi da shi, wani kuma a shigar da shi cikin gida mata su daka a turmi, a shanya a tsakar gida inda yara suke rarrafe suna kai hannu baki. Mutanen ƙauyukan sun lura agwaginsu suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, amma babu wanda ya kawo wa ransa cewa gargaɗi ne. Daga nan sai abin ya koma kan yara: amai, ciwon ciki, jijjiga, sai suma, sai a wayi gari ana haƙa ƙaramin kabari. A watan Maris na wannan shekara ne ma'aikatan ƙungiyar likitocin na-gari na-kowa, wato MSF, waɗanda suka je yankin saboda sa ido a kan sanƙarau, suka tarar da yara suna mutuwa a ƙauyuka irin su 'Yargalma da Dareta, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya yi musu komai. Da aka auna jininsu sai aka ga gubar dalma ce. Yaran da suka rasu sun kai kimanin 400, mafi yawansu ba su kai shekara biyar ba, kuma dubbai sun rayu da gubar a jikinsu.

Akwai wani abu game da wannan guba da ya kamata kowane uba ya sani, domin shi ne ya sa jinkirin hukuma ya zama kisa. Akwai maganin da yake janye dalma daga jinin yaro ya fitar da ita ta fitsari, amma ba shi da amfani matuƙar yaron zai koma ya kwanta a kan ƙasar da ta sa masa cutar. Dole ne sai an fara kankare saman ƙasar tsakar gida da ɗakuna da hanyoyin unguwa, a kwashe a binne a wuri na musamman, a zuba sabuwar ƙasa mai tsabta, sannan likita ya soma aikinsa. An yi wannan aiki tsakanin 2010 da 2011 a ƙauyuka bakwai: Dareta, Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji, Tungar Guru da 'Yargalma. Bagega, wadda ta fi su duka girma kuma ta fi su yawan injinan niƙa, ita aka bari a baya saboda kuɗi sun ƙare. Yara kimanin 1,500 suka zauna a can suna jiran magani, likitoci na nan a Anka da maganin a hannunsu, amma ba damar ba su.

A watan Mayun 2012 aka yi taro a Abuja a kan lamarin, kuma aka yi maganar naira miliyan 850 da gwamnatin tarayya za ta fitar. Damina ta zo ta wuce, kaka ta zo ta wuce, ba a ga ko sisin kwabo ba. A nan ne wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi, suka kafa gangamin da suka kira Follow The Money, ma'ana bin sawun kuɗi. Ba su da ofis na a zo a gani, ba su da wani uban gida a gwamnati. Abin da suka yi shi ne suka tafi Bagega da ƙafarsu, suka zauna da iyayen yaran, suka ɗauki muryoyinsu da hotunan garin, suka kai su inda masu mulki ba za su iya kawar da kai ba. Tare da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch aka roƙi jama'a su cika shafin Shugaba Goodluck Jonathan na Facebook da tambaya guda ɗaya tak: ina kuɗin Bagega? Sanata Bukola Saraki, wanda yake shugabantar kwamitin muhalli na majalisar dattawa a lokacin, ya ziyarci garin, kuma kafin watan Janairun 2013 ya ƙare aka saki kuɗin. Cikin wannan shekara aka share Bagega, yara suka soma shan magani.

Abin da ya fi burge ni a aikin waɗannan matasa ba hayaniyar da suka tayar ba ce, domin hayaniya kowa ya iya ta. Bayan an ce an saki kuɗi ba su koma gida suna tafa wa kansu ba. Sun ci gaba da bin ma'aikatun da aka raba wa kuɗin, na muhalli da na lafiya da na ma'adinai, suna tambayar nawa kowacce ta karɓa da abin da ta yi da shi, suna komawa garin su ga ko abin da aka rubuta a takarda shi ne yake a ƙasa. Mu nan Arewa mun saba da koke, mun iya shi ƙwarai, amma da zarar wani babba ya zo ya yi jaje ya yi alkawari sai mu ce Allah ya saka da alheri, mu watse. Su kuwa sun fahimci cewa ranar alkawari ita ce ranar da aiki yake farawa.

Sai dai, Malam Edita, dalilin rubuto maka wannan wasiƙa ba yabo ba ne kaɗai. Akwai wata gaskiya mai ɗaci a cikin labarin Bagega, ita ce cewa sai da wasu suka taso daga Abuja da ƙasashen waje kafin a ji kukan garin. Mu da muke Gusau da Talata Mafara da Ƙauran Namoda, masu ilimin boko da na addini, 'yan kasuwa da ma'aikata, da ƙungiyoyinmu na ci gaban gari da ba su ƙirguwa, ina muke a cikin shekaru biyun da yaran nan suka yi suna jira? Ni kaina ina cikin waɗanda suka ji labarin a rediyo, suka yi salati, suka ci gaba da harkokinsu. Na yi shekaru ina koyarwa a firamare, na kuma san yadda malami yake ji idan ya maimaita wa yaro harafi ɗaya sau ashirin bai riƙe ba. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ta hanyar da ba ta gyaruwa ko da an wanke jininsa, kuma yaran da suka tsira a 2010 yau samari ne da 'yan mata, wasunsu har sun yi aure. Babu wanda ya ƙara tambayar yadda suke.

Kuma ba a daɗe ba aka ga sakamakon rashin ɗaukar darasi. A 2015 irin wannan annoba ta ɓulla a yankin Shikira da ke ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, inda aƙalla yara 28 suka rasu, ta hanyar da ba ta da bambanci da ta Zamfara: dutse a cikin gida, ƙura a tsakar gida, yara a cikin ƙurar. A can ma sai da aka sake gangami kafin a fitar da kuɗin share ƙasa.

Na san akwai masu cewa maganin abin shi ne a hana haƙar gaba ɗaya. Ban yarda da su ba, kuma shekaru biyar na haramci sun isa shaida. Mutumin da 'yan bindiga suka hana shi zuwa gonarsa, ga iyali ga tsadar hatsi, ba takardar Abuja ce za ta raba shi da ramin da yake samun abin cefane ba. Abin da haramci yake yi shi ne ya mayar da sana'ar ɓoye, kuma wurin da ya fi ko'ina sauƙin ɓoye buhun dutse shi ne ɗakin matar gida, wato daidai inda bai kamata ya shiga ba. Abin da ya yi aiki a 2010 shi ne umarnin da masarautu suka bayar, da goyon bayan dagatai da limamai, cewa a fitar da injinan niƙa daga cikin gari. Daga baya kuma an gwada niƙa da feshin ruwa a wuraren aiki, aka ga ƙurar tana raguwa ƙwarai, aka koya wa mahaƙa su yi wanka su sauya tufafi kafin su koma gida su ɗauki 'ya'yansu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake buƙatar biliyoyi. Abin da suke buƙata shi ne mutanen gari waɗanda za su tsaya a kansu kullum, bayan baƙi sun naɗe kayansu sun tafi, domin ko a ƙauyukan da aka share an samu inda gubar ta dawo saboda an sake shigo da dutse cikin gida.

Saboda haka kirana ga mutanen kowane gari da ake haƙa a kusa da shi shi ne kada su jira sai an fara jana'iza. Su zauna da dagacinsu da limaminsu da shugabannin mahaƙa da mai kula da asibitin garin su kafa kwamitin kansu, kuma lallai a sa mata a ciki, domin su ne suke sharar tsakar gida, su ne suke fara ganin yaro ya daina cin abinci, kuma a 2010 ma'aikata mata ne kaɗai suka iya shiga gidajen kulle su yi bayani a saurare su. Su kuma san cewa ba alfarma suke roƙo ba. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa kowa haƙƙin rayuwa, sashe na 20 ya ɗora wa gwamnati kare muhalli, dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa kamfanin da zai yi haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya gari da al'ummar da zai yi aiki a ƙasarsu kafin ya soma, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikatar gwamnatin tarayya ya nemi a nuna masa takardu. Lauyoyinmu da ɗalibanmu na jami'a, waɗanda da yawansu 'ya'yan waɗannan ƙauyuka ne, za su yi babban aiki idan suka fassara waɗannan sassa da Hausa suka karanta su a ƙofar fada ranar kasuwa.

Daga ƙarshe ina da roƙo gare ka kai kanka, Malam Edita. MSF ta miƙa aikin kula da masu gubar dalma ga gwamnatin jihar Zamfara a 2022, bayan fiye da shekara goma tana yi. Ka aika wakilinka Anka ya tambaya ko na'urar auna dalma a jini tana aiki, ko akwai magani a ajiye, da kuma yara nawa aka auna tun da aka ɗage haramcin, sannan ka buga mana amsar da aka ba shi yadda take, ko da amsar ita ce an ƙi yi masa magana.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Tsohon malamin firamare, Gusau