Abin da kwanciyar kwana 60 ta yi wa jinin mata a Faransa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini mu yi tsokaci kan binciken 'yan sama jannati, wanda wasu ke gani kamar bai shafi kowa a doron ƙasa ba.

A 2005, a MEDES, cibiyar binciken lafiyar 'yan sama jannati da ke birnin Toulouse na Faransa, mata 24 masu ƙoshin lafiya sun kwanta kwana 60 a gadon da aka karkata, kai ya fi ƙafa yin ƙasa da digiri 6. A kwance suke ci, a kwance suke wanka da biyan buƙata. Gwajin sunansa WISE. An raba su kashi uku, takwas-takwas: masu kwanciya kawai, masu motsa jiki a kwance, da waɗanda aka ƙara wa furotin a abinci.

Dalilin karkata gadon shi ne a kwaikwayi sararin samaniya, inda babu nauyin da ke jan jini zuwa ƙafafu, sai ya taru a ƙirji da kai. Fuska ta kumbura, hanci ya toshe, ƙwauri ya rame. Jiki kuwa sai ya ɗauka ruwa ya yi masa yawa. Zuciya ta saki sinadarin da ke sa ƙoda zubar da gishiri da ruwa, ƙwaƙwalwa ta rage wanda ke riƙe fitsari, kafin a ankara ruwan jini ya ragu da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Zuciyar ma, tunda aikinta ya yi sauƙi, tsokarta tana raguwa. A gwajin na Toulouse, masu motsa jiki ba su yi wannan asarar ba.

Ranar tashi daga gadon ake ganin ɓarnar. Jini ya gangara ƙafafu, ga shi ya yi kaɗan, jijiyoyin kuma ba sa tsukewa da sauri kamar da. Bugun zuciya ya hau, ido ya yi duhu, gumi ya karyo, sai suma. An lura wannan ya fi samun mata 'yan sama jannati bayan sauka, kuma ana danganta shi da ƙarancin sinadarin da ke matse jijiyoyi, ga kuma estrojin, sinadarin jikin mace, da ke sassauta su.

Haila ba ta tsayawa a sama. Da yawa daga cikin mata 'yan sama jannati kan dakatar da ita da ƙwayoyin tsarin iyali, sai dai masu estrojin a ciki suna ƙara haɗarin daskarewar jini. Wannan ba abin wasa ba ne, domin an taɓa gano gudan jini a jijiyar wuyan wani daga ma'aikatan tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa.

Edita, a ganinmu inda abin ya fi shafar mu shi ne gadon jinya. Matar da ta daɗe a kwance bayan tiyata, karaya ko wahalar haihuwa, jikinta kan bi kusan wannan hanyar. Kada a ɗaga ta tsaye farat ɗaya don a ga ko ta warware. A fara jingina ta da filo, sannan ta zauna a bakin gado ƙafafu na reto na 'yan mintuna, ta sha ruwa in likita bai hana ba, kafin ta miƙe da mai riƙe ta a gefe. A auna hawan jininta a kwance, a sake aunawa bayan minti ɗaya da minti uku da tsayuwa. Idan lambar sama ta faɗi da 20, ko ta ƙasa da 10, a mayar da ita ta kwanta. Tun tana kwance a riƙa sa ta lanƙwasa idon sawu tana miƙewa. In kuwa ƙwauri ɗaya ya kumbura da zafi, ban da tausa, ban da gashi da ruwan zafi, a kira likita nan take.

Naku,
Wasu ma'aikatan lafiya, Kano