Mai niyyar zuwa Santorini ya bi ta ruwa

Assalamu alaikum Edita.

Ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana da masu shirin zuwa hutu ƙasar Girka. Yanzu duk wanda ya samu bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai sai ka ji yana cewa zai je tsibirin Santorini, kuma kusan kowa jirgin sama yake hawa daga Atina, babban birnin ƙasar, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba. Ni da maiɗakina mun bi ta ruwa a watan Satumban bara, kuma ina roƙon wanda Allah ya hore wa zuwa ya yi haka.

Mun yi sallar asuba a masauki, muka nufi tashar jiragen ruwa ta Piriyos da ke kusa da Atina. Jirgin babba ne, har da manyan motoci a cikinsa, ya tashi wajen ƙarfe 7 da rabi. Tafiyar awa takwas ce, da tsayawa a tsibiran Paros da Naksos. A kowace tasha jirgin yakan juyo da bayansa, ya sauke wata ƙatuwar ƙofa, mutane da motoci da kwalayen kaya su kwararo waje, wasu su shigo, cikin 'yan mintuna an rufe an wuce. A nan na gane cewa ga mutanen tsibiran nan jirgin ba abin nishaɗi ba ne, shi ne hanyarsu ta zuwa asibiti da makaranta. Wata dattijuwa da ta sauka a Naksos ta zauna kusa da maiɗakina tun daga Piriyos. Babu mai jin yaren wata, amma sun raba burodi da zaitun, suna nuna wa juna hotunan jikoki.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne sa'ar ƙarshe. Bayan azahar jirgin ya ratsa tsakanin duwatsu biyu, sai ga mu cikin wani makeken kwari da teku ta cika. Gangaren dutse ya miƙe sama kusan mita 300, hawa-hawa, nan baƙi, nan ja, nan fari kamar alli. Can ƙololuwa na hangi wani farin layi, na ɗauka wani irin dutse ne, ashe gidajen garin Iya ne da na Fira. Muna tafiya ne a cikin bakin dutse mai aman wuta. Kimanin shekara 3,600 da suka wuce ya fashe, tsakiyar tsibirin ta rufta, ruwa ya maye gurbinta. Baƙin tsibirin da ke tsakiyar kwarin, Niya Kameni, bai mutu ba, a 1950 ya yi amansa na ƙarshe. Kowa a saman jirgin ya yi tsit. Ni dai tasbihi kawai nake yi. Wanda ya sauka a filin jirgin sama ta bayan tsibirin yake shigowa, wannan duk ya wuce shi.

Washegari muka je Akrotiri, garin da tokar wancan aman ta binne, wanda masanin kayan tarihi Sifiridon Marinatos ya fara tonowa a 1967. Gidaje masu hawa biyu da uku, magudanun ruwa a ƙarƙashin titi, manyan tuluna a jere inda masu su suka bar su. Ba a sami gawarwaki a ciki ba, alamar girgizar ƙasa ta gargaɗe su sun gudu tun da wuri. Na daɗe a tsaye ina tunanin ta ina suka fita, in ba ta wannan ruwan da muka shigo ba.

Akwai abin da bai yi mini daɗi ba, kuma ba zan ɓoye ba. Manyan jiragen yawon shaƙatawa sukan tsaya a tsakiyar kwarin, ƙananan kwale-kwale su kwaso dubban mutane zuwa tsohuwar tasha da ke ƙarƙashin Fira. Daga nan matakala ce kusan 600 zuwa sama. Akwai akwatunan ƙarfe masu tafiya a kan waya, amma layi yakan yi tsawo, sai wasu su hau jakuna da alfadarai. Na ga wani alfadari da sirdi ya goge masa fata har ta yi ja, yana haki cikin rana da ƙato a bayansa. Tun 2018 gwamnatin Girka ta hana ɗora wa dabbobin nan abin da ya wuce kilo 100, amma don Allah ɗan'uwa, ka bi layi ko ka taka da ƙafarka. Mutanen tsibirin ba su wuce dubu 15 da ɗoriya ba, cunkoson ya ishe su, shi ya sa daga 2025 aka sa wa fasinjojin waɗannan jirage harajin Yuro 20 a tsakiyar lokacin zafi. Mu da muka kwana uku, da sassafe mukan fita, kafin fasinjojin nan su iso, garin shiru sai masu shara da ƙarar ƙararrawar coci.

A dawowa na yi kuskure. Don in rage lokaci na yanki tikitin ƙaramin jirgi mai gudu, ga shi iskar arewa da suke kira meltemi ba ta gama kwantawa ba. Babu damar fita waje, tagogi duk gishiri ya rufe, maiɗakina ta yi ta amai har muka isa Piriyos. Mai jin jiri ya nemi babban jirgi, ya riƙe rigar sanyi, ya hau sama tun jirgin bai shiga kwarin ba, ya tsaya ta hannun hagu.

Na gode Edita, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Mai karanta jaridarku kullum