Wasiƙa zuwa ga aminina kafin Kirsimeti

Wusasa, Zariya.

Zuwa ga aminina, ɗan'uwana cikin Almasihu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara, kamar yadda muke lafiya a nan. Hunturu ya kankama, da safe da ƙyar ake hango dutsen Kufena saboda hazo, teloli kuwa sun fara kwana a kan keke don kayan Kirsimeti. Amma wani shiri dabam ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ka san muna cikin Lahadi huɗun nan da ikkilisiya ta keɓe kafin 25 ga Disamba domin jiran zuwan Ubangiji. Lahadin da ta wuce an karanta mana Luka sura 3, wa'azin Yohanna Mai Baftisma a bakin Kogin Urdun. Tun muna yara a tsohuwar majami'ar nan ta ginin ƙasa da aka gina a 1929 muke jin wannan nassi, amma sai bana na lura cewa da jama'a suka tambaye shi abin da za su yi, bai ce su yi kuka ko su ƙara azumi ba. Mai riga biyu ya ce ya ba wanda ba shi da ita, masu karɓar haraji kada su wuce abin da aka yanka musu, sojoji kuma su daina ƙwace, albashinsu ya ishe su. Kowa an taɓa shi daidai inda aljihunsa yake, ni ma kuwa nawa ya yi mini nauyi.

Ba zan ɓoye maka ba. Damina uku da suka wuce na karɓi buhu biyu na takin zamani a hannun matar marigayi yayana, bisa alkawarin zan biya da kaka. Kaka ta zo ta wuce, ban biya ba, ita kuma kunya ta hana ta tambaya. Sannu a hankali na koma fita ta wata ƙofar idan an tashi sujada don kada mu haɗu, alhali ina durƙusawa ina karɓar Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Almasihu, tare da ita. Sau nawa na furta zunubaina a cikin addu'a, amma wannan ɗaya na riƙa kiransa mantuwa.

Ranar Litinin na ɗora buhu uku na masara a amalanke na nufi gidanta. Na tarar tana sheƙar dawa a tsakar gida. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta saurare ni har na gama. Sa'an nan ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, a shekarar nan sai da ta sayar da akuyarta mai ciki kafin ta biya kuɗin makarantar autarta. Ta ce ta yafe, muka yi addu'a. Na fito ina tuna Zakka, mai karɓar harajin nan na cikin Luka sura 19, wanda ya ce zai mayar ninki huɗu ga duk wanda ya cuta, na kuwa gane dalilinsa: bashin da ya daɗe yakan haifi asarar da mai cin bashin bai taɓa lissafawa ba.

A ganina, girma cikin ruhu yakan tsaya cak ne a kan irin waɗannan ƙananan abubuwa da muka ƙi taɓawa, komai yawan waƙa da baikon da muke bayarwa a majami'a. Ai a Matiyu sura 5 Yesu ya ce mai kawo baiko ya bar shi a gaban bagade, ya fara zuwa ya shirya da ɗan'uwansa tukuna.

Ka yi mini gafara idan na shiga abin da ba a sa ni ba, zumuncinmu ne ya ba ni baki. Shekara biyu ke nan ba ku magana da ƙanenka a kan rabon gonar babanku. Na san kana da gaskiya a wasu wurare, amma kai ne babba, kuma jiya da na gan shi ya tambaye ni ko za ka zo bana. Ina roƙonka ka kira shi kafin ka taso daga Legas, ka kuma sanar da ni ranar isowarka domin mu je wurinsa tare.

Ka gaishe mini da iyali duka.

Naka cikin Ubangiji,
Amininka.