Sanarwa ga masu shirin komawa aiki

Assalamu alaikum ƴan uwa mata, barkanmu da warhaka. Ya yara, ya maigida?

Wasu daga cikinmu sun same ni a keɓe kan batun komawa aiki bayan sun yi shekaru suna rainon yara. Don haka za mu zauna ranar Asabar bayan la'asar, a inda muka saba haɗuwa a Agege. Kowa ta zo da takardun makarantarta, mu taimaka wa juna wajen rubuta takardar neman aiki. Don Allah kada wadda ta ji kunyar shekarun da ta yi a gida.

Ni shekara shida na yi kafin na koma koyarwa. Ranar farko na fito bayan sallar asuba, autana ya riƙe gefen hijabina yana kuka, har na shiga mota hawayena bai tsaya ba. Abin da ya cece ni shi ne maƙwabciyar da na amince da ita, muka yi magana a fili kan kuɗi da lokacin ɗauko shi. A Legas, ba uwa ba kaka a kusa, wannan ne abu na farko da za a warware.

Masu shayarwa ku sani, dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ku rabin awa sau biyu a rana a lokacin aiki don shayar da jariri. Ku nemi haƙƙinku.

Masu aiki wajen Ikeja ko Oyingbo, jirgin ƙasa na Red Line yana tsayawa a Agege, da katin Cowry ake hawa.

Wadda za ta zo ta sanar da ni kafin Juma'a.