Zuwa ga ƙawata, daga Delhi

Assalamu alaikum ƙawata, ya gida ya su Umma da yara? Mu nan lafiya lau alhamdulillah, sai karatu da zafi.

Kin tambaye ni wai soyayyar Indiyawa haka take kamar a finafinan da muka taso muna kallo. Wallahi abin da nake gani daban ne. 'Yan matan da nake hulɗa da su kusan duk sun taɓa saka manhajojin neman masoyi irin su Tinder ko Bumble ko Hinge a waya, kuma da yawa sun goge, sun ce sun gaji. Bumble ya shigo nan a ƙarshen 2018, Priyanka Chopra ma ta zuba kuɗinta a ciki, aka ce mace ce za ta fara magana kuma harafin farko na sunanta kawai za a nuna don kar wani ya bi sawunta. To amma maza sun fi mata yawa nesa ba kusa ba, yarinya za ta dawo daga aiki a gajiye ta sha cunkoson jirgin ƙasa ta buɗe waya ta tarar da saƙonni rututu duk magana iri ɗaya, wani a yi ta hira makonni sai ya ɓace ko sallama babu, wani ashe da matarsa a gida, wani kuma sai zance ya kai ga aure ya ce ai iyayensa ba za su yarda ba tunda asalinsu ba ɗaya ba. To da can bai sani ba ne?

Ga kuma tsoro. Tun 2022 da aka kashe wata yarinya a nan Delhi, aka kama saurayinta da suka haɗu a irin wannan manhaja, ba na ganin mai fita haɗuwa da baƙo ba ta tura wa ƙawarta inda take ta WhatsApp ba.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne binciken. Mu a gida kawunnai da yayye ne ke zuwa unguwar mutum su tambayi halinsa da sana'arsa. Su kuwa a nan yarinya ita kaɗai ce da tsakar dare tana duba Instagram ɗinsa da LinkedIn ko gaskiya ya faɗa, kuma in abu ya ɓaci ba za ta iya gaya wa gida ba don ba su ma san tana ciki ba.

Wasu sun haƙura sun bar wa iyaye su nema musu a shafukan haɗa aure irin su Shaadi.com ko Jeevansathi, can ma sai tambayar hasken fata da tsawo, ga dukiyar da ake tatsar iyayen amarya duk da doka ta hana tun 1961.

Naji ance shafukan haɗa aure sun yi yawa a wajenmu yanzu, dan Allah ki bani labari, su wa ke yi wa 'yan matan bincike? Ki gaida Umma sosai, ki ce ta saka ni a addu'a jarabawa ta kusa.

Taki har kullum.