A duba inda aka ɗaure ƙarfen kare babur kafin a duba kaurinsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana da 'yan'uwana masu hawa manyan baburan doguwar tafiya, irin su Africa Twin da BMW GS da Yamaha Ténéré, waɗanda yanzu ake ƙara ganinsu a titunan Kano da Kaduna da Abuja. Shekarata 9 ina hawa irinsu, kuma abin da zan faɗa sai da na yi asara kafin na gane shi.

Da daminar bara waccan mu huɗu muka nufi Gembu a jihar Taraba. Mun wuce Serti, mun hau tsaunin Mambila lafiya, sai bayan Nguroje muka sauka daga kwalta muka bi jar ƙasa da ruwa ya jiƙa. A nan tayar gaba ta zame, na faɗi ta hagu. Gudun da nake yi bai fi na mai sassarfa ba. Da na ɗaga babur ɗin, ƙarfen gefen da na sa masa yana nan miƙe garau, ko lanƙwasa bai yi ba, amma baƙin mai na tsiyaya daga jikin inji. Ashe kunnen injin da aka ɗaure ƙarfen a jikinsa ne ya tsage. Wani mai walda ne tun farko ya haɗa min ƙarfen da bututun ruwa mai kauri, ni kuma a lokacin kaurin ne ya burge ni. A bayan a-kori-kura babur ɗin ya koma Jalingo. Abokin tafiyata da ya fi ni shan ƙasa a ranar, nasa ƙarfen lanƙwashewa ya yi, muka sa itace muka ɗan miƙar da shi, ya ci gaba da tafiya.

Ga abin da ya faru. Waɗannan babura nauyi gare su: Ténéré 700 ta kai kilo 204 da mai a tanki, R1250GS kuwa kusan kilo 250 ne, ban da kaya. Idan wannan nauyi ya bugi ƙasa, dole ƙarfin bugun ya samu inda zai tafi. Ƙarfen da ya lanƙwashe ya shanye bugun ke nan. Wanda ya ƙi lanƙwasa kuwa miƙa shi yake yi ga abin da aka ɗaure shi a kai, wato inji ko firam, kuma jikin inji na alminiyom ne da aka zuba, tsagewa yake yi. Saboda haka mai saye ya durƙusa ya ƙirga wuraren ɗauri. Uku a kowane gefe sun fi biyu, kuma ya fi kyau a ce akwai sandar da ta haɗa gefen dama da na hagu don su raba bugun. Bututun da kamfanoni ke amfani da shi yawanci faɗinsa bai wuce milimita 22 zuwa 27 ba. Ba na cewa a guji masu waldarmu, da yawansu gwanaye ne. A dai kai musu samfurin da aka ƙera wa irin babur ɗin, kada a bar su da ƙiyasi.

Amma da zan sake farawa, ba ma ƙarfen gefe zan fara saya ba. Makarin hannu zan fara sawa, wato abin da ke kare hannun kulochi da na birki. Faɗuwarmu yawanci a rairayi ce ko taɓo ko wajen juyawa a kwazazzabo, kuma abin da ke fara taɓa ƙasa shi ne ƙarshen kan babur. Hannun kulochi ƙaramin ƙarfe ne mai araha, amma in ya karye a daji tafiya ta tsaya. Akwai makari na roba zalla, wanda iska da ƙaya kawai yake tarewa. Wanda ake buƙata shi ne mai ƙashin alminiyom a ciki, mai ɗauri biyu, ɗaya a ƙarshen kan, ɗaya daga ciki. Duk da haka ina ajiye hannun kulochi guda a jaka.

Sai farantin ƙasan inji. Wanda babura da yawa ke zuwa da shi siriri ne, tsakuwa kawai yake iya tarewa. Ga mai bin hanyar duwatsu, alminiyom mai kaurin milimita 4 ko fiye shi ne daidai, kuma nan ma maganar ɗaurin ce: in akwai wanda ke kama firam, ya fi wanda aka ɗaure kai tsaye a gindin inji. A duba ko yana da ƙofar juye baƙin mai, in ba haka ba duk juyen mai sai an kwance shi. A kuma riƙa wanke taɓon da ke taruwa a cikinsa, domin in ya bushe riƙe zafi yake yi.

Ragar lagireto tana da amfani, musamman in ana bin bayan juna tsakuwa na tashi. Sai dai a lura da hujinta. A zafin Afrilu, Kano kan kai digiri 40, raga mai ƙananan huji kuwa tare iska take yi. Mai manyan huji nake sawa. Ƙarfen sama mai kare tanki da robobi shi ne na ƙarshe a wurina, don yana ƙara nauyi a sama, kuma a rairayi nauyin sama ne ke kayar da mutum.

Abu ɗaya da ke damuna, Malam Edita, shi ne in ga matashi ya kashe maƙudan kuɗi ya yi wa babur sulke, shi kuma ya hau da silifa. Tun 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano, amma har yau wasu na sayen wadda ko tambarin gwaji ba ta da shi. A duba alamar ECE, wato tambarin gwajin inganci na Turai, a igiyarta. A nemi takalmi mai tsawo da ke riƙe idon sawu, domin a waccan faɗuwar ƙafata a ƙarƙashin babur ta kwanta, takalmin ne ya hana ta karyewa. Ƙarfen gefe inji aka yi shi ya kare, kada wani ya dogara da shi don ƙafarsa.

Roƙona ga dillalan kayan babura shi ne su riƙa kawo kowane ƙarfe da takardarsa mai nuna irin babur ɗin da aka yi shi dominsa da ƙarfin ɗaurin kowane noti. Makanikai kuma su sake bin notikan bayan tafiyar farko, don girgizar hanya na sassauta su.

Allah Ya kiyaye mana hanya.

Naku,
Wani mahayin babur daga Tarauni, Kano