Amsa ga ƙanena da ya tambaye ni game da Lucky Dube

Assalamu alaikum, ƙanena.

Na ga tambayar da ka jefo mini a bainar jama'a: wai me ya haɗa ni, da furfurata, da yabon mawaƙin rege Lucky Dube, "ɗan wiwi mai cukurkuɗaɗɗen gashi"? Tunda a fili ka tambaya, a fili zan amsa.

Da farko dai ka ɗauki alhakinsa. Mutumin nan ya sha faɗa da bakinsa cewa ba ya shan wiwi, ba ya shan taba, ba ya shan giya. Gashi ka hango ka yanke hukunci. Ka nemi waƙarsa Slave ta 1987, ka sa wani ya fassara maka. Mashayi ne a ciki yake kuka da kansa, yadda kwalba ta mayar da shi bawa ta zubar masa da mutunci. In ka cire ganga da garaya, abin da ya rage nasiha ce, irin wadda kake ji a wajen wa'azi ka gyaɗa kai.

An haife shi a garin Ermelo na Afirka ta Kudu a 1964. Mahaifiyarsa ta sa masa Lucky saboda ta sha yin ɓari kafin ta same shi. Kakarsa ta riƙe shi, uwar tana can wajen neman abin sawa a baka, shi kuma tun yana yaro yake aikin lambu a gidajen mutane. Da waƙoƙin Zulu ya fara, salon da suke kira mbaqanga. Da ya juya zuwa rege ya fitar da Rastas Never Die a 1984, gwamnatin wariyar launin fata ta haramta faifan. Da wani ne, da ya koma inda ya fito, tunda can akwai kasuwa kuma babu fitina. Shi sai ya ƙara ƙaimi.

Abin da ya ɗaure ni da shi ke nan. Bob Marley ya yi wa Afirka waƙa daga Jamaika, ban rage masa komai ba, amma Dube a cikin wutar yake tsaye. A lokacin da doka ta raba baƙaƙe da farare hatta a makaranta da unguwa, ya rera Together As One a 1988. Shekara guda bayan nan ya fito da Prisoner, yana tambayar dalilin da hukuma ke gina kurkuku ta bar makaranta. Kai da ka taso bayan zamanin kaset ba ka ga yadda muke juya wannan faifan har zarensa ya tsinke mu liƙe shi ba.

Ban ce ka bi aƙidarsa ba, ni ma ban bi ba. Ban kuma ce ka so kiɗa ba.

Ranar 18 ga Oktoba, 2007, ɓarayin mota suka harbe shi a unguwar Rosettenville da ke Johannesburg, ya kai 'ya'yansa biyu gidan wani ɗan'uwansa. Shekararsa 43. A 2009 kotu ta yanke wa mutum uku ɗaurin rai da rai. A zaman shari'ar an ba da shaida cewa ba su gane shi ba, sun ga babbar mota sun ɗauka ɗan Nijeriya ne. Su ma kallo ɗaya suka yi masa, ƙanena.

Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Yayanka